Malamin Richter da Gilels: shi ya yi su, ko dace ya yi da su?

Baba Injiniya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya jikokina suka zazzage wata tsohuwar akwati da na dawo da ita daga Mosko tun 1988, sai ga faya-fayan garmaho guda uku na kamfanin Melodiya, kwalinsu duk ya yi ja. Biyu na makaɗin fiyano Sviatoslav Richter ne, ɗaya na malaminsa, Heinrich Neuhaus. Ba ni da garmahon da zan ɗora su a kai yanzu, amma sun tayar mini da tsohon tsumi har na kasa barci da wuri. Na ce bari in kawo mutumin nan zaure, tunda muna taɓa tarihin mutane.

Rashawa ba sa cewa Neuhaus, Neigauz suke ce masa. An haife shi a 1888 a garin Elisavetgrad, wanda yau yake cikin Yukren. Uwa da uba duk malaman fiyano ne, suna da makarantar kiɗa a garin. Ya yi karatu a wurin Leopold Godowsky a Balin da Viyana, ya koyar a Tiflis da Kiyef, sannan a 1922 aka ɗauke shi zuwa babbar makarantar kiɗa ta Mosko, wadda suke kira Konsabatori. A nan ya zauna har ya rasu a watan Oktoban 1964. Shekara 42 ke nan. Daga ajinsa Richter ya fito, da Emil Gilels, da Yakov Zak, da Radu Lupu na Romaniya. In kana neman makaɗan fiyano biyar da suka fi kowa a ƙarni na 20, da wuya ka gama ƙirga ba ka ambaci biyun farko ba. Ni dai a wurina ban san malamin da ya kai shi ba a wannan fanni.

Sarkin Gardama: Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara lafiya. Amma a gafarce ni, wannan ba tsuntsu daga sama gasasshe ba ne? Na ɗan leƙa tarihin mutanen da ka lissafa. Gilels ya ci gasar ƙasar Sobiyet baki ɗaya a 1933, yana ɗan shekara 16, tun bai zama ɗalibin Neuhaus ba. Wata mata ce a Odesa, Berta Reingbald, ta raine shi. Shi kuwa Richter da gemunsa ya zo, yana da shekara 22, bayan ya daɗe yana aiki a gidan opera na Odesa. To me malam ya yi? Ka zauna a babban birni, a makarantar da ta fi kowace, duk yaron da ya yi fice a ƙasa mai faɗin Sobiyet a turo maka shi. Ko ni aka ba ni kujerar, sai na yaye gwanaye.

Ɗan Fiyano: Hhhh Sarki, kai da ko kalangu ba ka iya riƙewa ba.

Maman Sadiq: Ni malamar makaranta ce, shekara 19 ina riƙe da alli, kuma maganar Sarki ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. A ba ni yara goma zaɓaɓɓu a ga aiki. Ni ajina yara sun haura 80, wasu a ƙasa suke zaune, rabi ba su karya kumallo ba. In ɗaya ya fita da sakamako mai kyau ba mai tuna ni, in suka faɗi a ce malamai ba sa aiki. Saboda haka idan ana yabon malamin da aka tace masa ɗalibai kamar gari a rariya, sai in ji wani iri.

Baba Injiniya: 'Yata Maman Sadiq, Allah ya saka miki. Ba wanda zai haɗa wahalarki da tasa. Amma ki tsaya ki ji, haziƙin yaro ma yana da tasa wahalar, kuma malamai da yawa sun kashe haziƙai da hannunsu.

Ku ɗauki Richter ɗin da Sarki ya kawo. Ya zo Mosko a 1937 ba shi da takardar kammala kowace makarantar kiɗa, kusan shi ya koya wa kansa. A ƙa'ida ma bai cancanci a saurare shi ba. Neuhaus ya ce a shigo da shi. Ya zauna ya kaɗa wata sonata (wato dogon kiɗa mai sassa) ta Beethoven, malam ya juya ya raɗa wa wata ɗalibarsa cewa a ganinsa wannan yaro baiwa ce daga sama. Ya karɓe shi nan take. To sai me? Yaron ya ƙi shiga darussan dole, har da na siyasa, a zamanin Stalin fa. Aka kore shi, ya koma Odesa abinsa. Neuhaus ne ya bi sawu, ya rubuta masa, ya shiga ya fita har aka mayar da shi. Ba shi da wurin kwana a Mosko, malam ya kai shi gidansa, gidan kuma ƙarami, har a ƙarƙashin fiyano yake shimfiɗa ya kwana. Sai 1947 ya karɓi takardarsa, shekara goma bayan shigarsa.

Ga wadda ta fi burge ni. A ƙarshen 1940 Neuhaus yana da nasa taron kiɗa a Mosko, shi ne babban suna, don shi mutane za su zo. Sai ya raba daren biyu, ya kaɗa rabin farko, ya bar wa ɗalibinsa rabi na biyu. A nan Richter ya kaɗa sonata ta 6 ta Prokofiev, wadda a lokacin sabuwa ce fil, kuma daga wannan dare Mosko ta san da shi. Sarki, ka nuna mini manya nawa ne za su matsa wa yaronsu a kan tabarma alhali sun san zai fi su haske.

Ɗan Fiyano: Wallahi Baba ka taɓo ni. Shekara huɗu na yi ina yaron wani maigida a situdiyo. Sharar ɗaki, sayo abinci, naɗe waya. In zai haɗa kiɗa mai daɗi sai ya aike ni sayen kati, don kada in ga yadda yake ɗora yatsu. Abin da na iya, da dare na sata bayan ya tafi gida. Ranar da wani mawaƙi ya ce ni yake so in yi masa kiɗa, a ranar zamana ya ƙare a wurin. Don haka wannan na raba dare biyu, ni na san nauyinsa.

Sarkin Gardama: Na yarda mutumin kirki ne. Amma kirki daban, koyarwa daban. Ba masauki da abinci ai aikin uba ne. Ni tambayata, me ya ƙara masa a yatsu?

Likitan Gobe: Salam. Ina karatun likita a nan Rasha, shekara ta huɗu. Ganin wannan muhawara ya sa na tambayi malamarmu ta harshen Rashanci, tsohuwa ce mai son irin wannan kiɗa. Kafin in rufe baki ta ce “aji na 29”. Ashe lambar ɗakin da Neuhaus yake koyarwa ce a Konsabatori, kuma har yau masu wannan harka sun san lambar. Ta ce darasinsa ba a rufe ƙofa ake yi ba. Ɗalibi ɗaya ne a kan fiyano, amma ɗakin cike yake da wasu ɗalibai da baƙi, kowa yana sauraron gyaran da ake yi wa wani.

Game da tambayar Sarki, shi Neuhaus da bakinsa ya sha faɗa cewa abin da ya koya wa Richter kaɗan ne. Amma Richter bai yarda da haka ba. Ya ce malam ne ya sake masa hannu da kafaɗa, ya buɗe masa sauti, ya koya masa yadda fiyano zai yi kamar yana rera waƙa, da kuma darajar shiru a tsakiyar kiɗa. A kan doguwar sonatar Liszt suka yi wannan aiki.

Gwaggon Yara: Ku yi mini bayani kamar 'yar aji ɗaya. Fiyano ba danna maɓalli ake yi ya yi ƙara ba? Wane irin “buɗe sauti” kuma? In na danna, Richter ya danna, ba ƙara ɗaya za ta fito ba?

Ɗan Fiyano: Gwaggo, wannan tambayar tawa ce, a bar mini ita. Abin da muke kira fiyano a situdiyo, kibod ne na lantarki, yawanci maɓalli 61, marasa nauyi, kamar ka taɓa soso. Fiyano na ainihi maɓalli 88 gare shi, 52 farare, 36 baƙaƙe, kuma a cikin cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe sama da 200 a ɗaure tamau. Kowane maɓalli in ka danna, wata 'yar guduma ce mai kan ulu take tashi ta doki tsirkiya ta koma. Shi ke nan. Da ta doka, sautin ya fara mutuwa, ba ka da ikon ƙara masa rai. Mai goge yana iya jan sauti ya kumbura shi, mai algaita ma haka da numfashinsa. Mai fiyano ba shi da wannan gata.

To gwaninta ita ce ka yaudari kunne. Saurin da gudumar ta tashi da shi, yadda ka sa sauti na biyu ya shigo daidai ƙarfin da na farko ya rage, yadda hannun hagu zai yi ƙasa-ƙasa don na dama ya fito, da yadda ƙafa take taka fedal ta bar tsirkiyoyi su ci gaba da amo. In an haɗa su daidai sai ki rantse kayan yana rera waƙa. In ba a iya ba, sai ki ji kamar ana sara itace. Sau ɗaya na taɓa zama gaban na ainihi, a wani otal. Minti goma yatsuna suka gaji, don ni da ƙarfin yatsa nake dannawa. Su kuwa nauyin hannu ne tun daga kafaɗa suke saukewa a kai, jiki a sake.

Baba Injiniya: Madalla da ɗana. Wannan na sakin jiki da nauyin hannu, a wurin Godowsky Neuhaus ya gani, ya kawo Mosko. Amma abin da ya bambanta shi da sauran malamai ba a nan yake ba. Ya rubuta littafi a kan fasahar kaɗa fiyano, ya fito a 1958, an fassara shi zuwa harsuna da dama, kuma har yau ɗalibai suna karanta shi. Babin farko bai taɓa maganar yatsu ba sam. Maganar ma'anar kiɗan ya fara yi. Ra'ayinsa shi ne, sai ka san abin da kake son faɗa kafin ka nemi yadda za ka faɗe shi, kuma in ka ji abin sosai a cikin kanka, hannu zai nemo hanya. Wanda ya yi ta gudun yatsu awa takwas kullum ba shi da abin faɗa, kamar mai zaƙin murya ne da bai san ma'anar abin da yake karantawa ba.

Shi ya sa darasinsa yake fita daga kiɗa ya shiga wasu wurare. Mutum ne mai harsuna, Rashanci da Jamusanci da Polanci da Faransanci da Italiyanci, ya zauna a Italiya yana saurayi. Yaro zai kaɗa layi biyu, sai malam ya tsayar da shi, ya kawo masa baitin Pushkin, marubucin waƙoƙin Rasha, ko ya ba shi labarin wani zane da ya gani a Fulorans, sannan ya zauna a fiyano na biyu ya nuna masa. Abokin karatuna, da muke ɗaki ɗaya a hostal, mahaifiyarsa tana cikin masu zuwa sauraro a shekarun 1950, ba ma ɗalibarsa ba ce. Ranar da suka gayyace ni shayi a gidansu, da na ambaci sunan, sai matar nan ta ajiye butar shayi ta miƙe tsaye tana kwaikwayon yadda yake kaɗa hannu a iska yana rera kiɗan da baki a bayan ɗalibi. Ta ce ɗan ƙaramin mutum ne mai farin gashi, amma in ya shigo ɗaki ba ka ganin kowa sai shi. Shekara fiye da 20 da rasuwarsa a lokacin, tana magana idonta yana kawo ruwa. Ni kuwa ina zaune da guntun burodi a hannu, na rasa ko in ci ko in ajiye.

Abu Hanifa: Jama'a, duk wannan dogon zance a kan makaɗi? Ba mu da abin tattaunawa da ya fi wannan amfani?

Admin: Malam Abu Hanifa, tarihi muke yi. Makon jiya a kan Mansa Musa muka yini, ba ka ce komai ba. Wanda maudu'i bai yi masa ba ya jira na gaba. A ci gaba.

Sarkin Gardama: To Baba, ga inda gizo yake saƙa. In koyarwar ta kai haka, me ya sa Gilels ya juya masa baya? Na karanta cewa Richter da kansa ya ba da labari, wai Gilels ya rubuta wa Neuhaus wasiƙa a ƙarshen rayuwar malamin yana cewa shi bai taɓa zama ɗalibinsa ba, kuma daga nan Richter ya daina gaisawa da Gilels. Ɗaya daga cikin manyan shaidunka biyu ya janye shaidarsa ke nan.

Baba Injiniya: Ka kama ni a nan, ba zan yi musu ba. Kuma in za a bi gaskiya, laifin ba na Gilels kaɗai ba ne. Yaro ya zo maka daga Odesa a 1935 da kambinsa a ka, ya ci na biyu a gasar Viyana a 1936, ya ci na ɗaya a gasar Burasels a 1938 yana ajinka. Sai ga wani ya shigo a 1937, ka rungume shi, duk inda ka zauna maganarsa kake, a rubuce da a baki. Shi kuma na farkon in an zo kansa, sai ka yabi ƙarfin yatsunsa ka ce amma sai da aka ƙara masa zurfi. Wa zai ji daɗi? Ga malamarsa ta Odesa, wadda ta yi wahalar, an bar ta a inuwa. Gilels ya riƙe abin a ransa, kuma har ya rasu a 1985 Reingbald yake kira malamarsa ta gaskiya.

Ina Mosko lokacin rasuwarsa, watan Oktoba ne, sanyi ya fara shigowa. Abin mamaki, a cikin wannan watan ne jikan Neuhaus, Stanislav Bunin, ya ci gasar Chopin a Waso yana ɗan shekara 19.

Maman Sadiq: Wannan kam laifi ne babba a wurin malami. Mu a aji ko kana da ɗan gaban goshi, ɓoye shi kake yi. Yara suna gani fiye da yadda muke zato. Na taɓa yabon wata yarinya sau uku a mako ɗaya, ƙawarta da take biye mata a ƙoƙari ta daina ɗaga hannu har ƙarshen zango. Sai da na bi ta gida. To ina ga manya masu suna a duniya.

Likitan Gobe: Amma a yi wa Gilels adalci ta ɗaya gefen. Shi ne ya fara zuwa Amurka a 1955, aka yi ta yabonsa, ya ce musu su dai jira sai sun ji Richter. Richter bai samu izinin zuwa can ba sai 1960. Mai hassada tsantsa ba zai faɗi haka ba. Kuma masu rubuta tarihin Gilels suna cewa yana cikin waɗanda suka yi ta kai kawo a wurin manya lokacin da aka kama Neuhaus.

Gwaggon Yara: Kama shi kuma? Me malamin kiɗa ya yi?

Likitan Gobe: Sunansa ne ya ja masa, Gwaggo. Mahaifinsa Gustav daga Jamus ya zo. Hitila ya afka wa Sobiyet ranar 22 ga Yuni 1941, kafin Oktoba sojojinsa sun doso Mosko, aka fara kwashe ma'aikatu da makarantu zuwa gabas. Konsabatori aka kai ta Saratov. Neuhaus bai tafi ba, yana da marasa lafiya a gida. Sai aka ce ai Bajamushe ne, 'yan uwansa yake jira. A watan Nuwamba aka kama shi aka kai Lubyanka, hedikwatar 'yan sandan ciki. Ya yi wata takwas da ɗoriya a tsare, yana da shekara 53. Daga nan aka kore shi daga Mosko zuwa Sverdlovsk a yankin Ural, garin da yau ake kira Yekaterinburg. Ya ci gaba da koyarwa a can, sai 1944 aka bar shi ya dawo.

Shi ma ya auna arziki. Mahaifin Richter, wanda shi ma jinin Jamus ne, a wannan shekarar ta 1941 hukumomin Sobiyet suka harbe shi a Odesa.

Akwai kuma abin da ya shafi fannina. A 1933 Neuhaus ya kamu da mashaƙo. Mutane suna ɗauka ciwon maƙogwaro ne kawai, amma dafin ƙwayar cutar yana bin jini, bayan makonni ya taɓa jijiyoyi, gaɓoɓi su saki. Haka ta yi masa, ta bar masa rauni a hannun dama. Ga shi dama hannayensa ƙanana ne. Shi ya sa ake cewa in yana kan dandamali wata rana ya kaɗa abin da ba a taɓa ji ba, wata rana ya yi ta kuskure.

Sarkin Gardama: Yauwa! Ashe wanda ya kasa ne ya koma koyarwa. Hhhh.

Ɗan Fiyano: Haba Sarki, ka ji tsoron Allah. Mutumin da tun yana da shekara ashirin da wani abu yake koyarwa, ciwon kuma sai da ya kai 45 ya same shi. Ni a ganina ma wanda hannunsa bai ba shi komai a ɓagas ba, shi ya fi sanin yadda ake nemowa. Mai dogayen yatsu da aka haife shi da gudu, in ka tambaye shi yaya kake yi, sai ya ce kawai yi ake. Richter bai taɓa riƙe aji ba ai.

Hajiya Mai Shayi: Ni duk ba wannan ba. Na shiga intanet ina duba hoton Neuhaus sai na ga labarin matarsa. Wai amininsa ne ya aure ta? Baba, gaskiya ne?

Baba Injiniya: Hajiya, na so a bar kaza cikin gashinta, amma tunda kin tono. Gaskiya ne. Amininsa shi ne marubuci Boris Pasternak, wanda aka ba kyautar Nobel a 1958 gwamnati ta tilasta masa ya ƙi karɓa. A 1930 iyalan biyu suka tafi hutu tare a Irpen, kusa da Kiyef. Daga nan zance ya canja. Matar, Zinaida, ta bar Neuhaus, daga baya ta auri Pasternak, ta tafi da 'ya'yansu maza biyu. Babban, Adrian, ya rasu a 1945 bayan doguwar jinya. Ƙaramin, Stanislav, a gidan Pasternak ya tashi, ya zama babban makaɗin fiyano, har ya zama mataimakin mahaifinsa a aji. Shi ne uban Bunin da na ambata. Abin da ya ɗaure wa kowa kai, abotar ba ta mutu ba. Neuhaus ya ci gaba da zuwa gidan, yana karanta wa ɗalibansa waƙoƙin mutumin. Da Pasternak ya rasu a 1960, Richter yana cikin waɗanda suka kaɗa fiyano a gidan ranar jana'iza.

Hajiya Mai Shayi: Innalillahi. Cin amana ƙiri-ƙiri, kuma ya koma yana shan shayi a gidan? Wannan haƙuri ne ko rashin zuciya?

Maman Sadiq: Hajiya, 'ya'yansa suna gidan fa. In ya yi zuciya, wa ya yi wa?

Bazazzagi: Tambaya ɗaya. Ana ta cewa Neuhaus ɗan Rasha ne. Uba Bajamushe, an haife shi a Yukren, na ga kuma an ce Karol Szymanowski, babban mai tsara kiɗa na Polan, ɗan uwansa ne. Ina Rashancin yake?

Likitan Gobe: Wannan tambayar a nan inda nake ba a yin ta da ƙarfi yanzu. Lokacin da aka haife shi garin yana cikin daular Rasha. Garin ma sau huɗu ana sauya masa suna, na ƙarshe a 2016, ya koma Kropyvnytskyi. Mahaifiyarsa 'yar gidan Blumenfeld ce, kuma kawunsa Felix Blumenfeld shi ya koyar da Vladimir Horowitz a Kiyef. Aikinsa dai a Mosko ya yi shi, a can kuma aka binne shi, a maƙabartar Novodevichy. Kowa yana da abin kamawa.

Baba Injiniya: Bari in koma kan Sarki, don bai sake ni ba ni ma ban sake shi ba. Ka ce a cire Richter da Gilels, su da baiwarsu suka zo. Na cire. Mu bi salsala, yadda ake bin ta malamai. Lev Naumov ɗalibinsa ne kuma mataimakinsa, ba wani shahararren mai hawa dandamali ba ne. Shi ya koyar da Andrei Gavrilov da ya ci gasar Tchaikovsky a 1974, da Alexei Sultanov da ya ci ta Van Cliburn a Amurka a 1989. Eliso Virsaladze, 'yar Jojiya, ta ɗauki karatu a wurinsa, ɗalibinta Boris Berezovsky ya ci Tchaikovsky a 1990. Vera Gornostaeva ɗalibarsa ce, ita da Naumov suka koyar da Sergei Babayan, shi kuma Babayan ya koyar da Daniil Trifonov, wanda ya ci Tchaikovsky a 2011, yau kuma duk duniya ana rububin tikitinsa. Shekara 47 bayan an binne mutum, tattaɓa kunnensa a karatu yana ɗaukar kambi. Wannan ma dace ne?

Sannan ka saurari ɗalibansa. Richter kamar hadari, Gilels kamar ƙarfen da aka goge, Lupu kamar mai raɗa maka magana a kunne. Ba wanda ya yi kama da wani, ba kuma wanda ya yi kama da malam. Akwai malaman da in ka ji ɗalibi ɗaya ka ji duka.

Sarkin Gardama: Salsalar ta yi nauyi, na sauke hula rabi. Amma a cikin wannan lissafi ba mu ji sunan ko ɗaya daga cikin ɗaruruwan da suka zauna a aji na 29 suka fita ba su zama kowa ba. Shekara 42 fa. Su waye su? Yaron da yake buƙatar a zauna a gyara masa yatsa na huɗu, aka ba shi baitin Pushkin, ina ya ƙare?

Maman Sadiq: Tambayar da nake jira ke nan tun safe.

Baba Injiniya: Mataimaka ne suke wannan aikin, su Naumov da Yevgeny Malinin da Stanislav ɗan Neuhaus. Kuma kafin yaro ya iso Konsabatori ya riga ya yi shekara goma ko fiye a makarantun kiɗa na yara, a hannun irin su Reingbald, mata galibi, waɗanda ba a buga hotonsu a kwalin faifai. A nan kam, 'yata, hujjarki ta tsaya da ƙafarta. Waɗanda ba su yi suna ba kuwa, da yawansu su ne suka watsu a garuruwan Sobiyet suna koyar da yara.

Ɗan Fiyano: Baba, na tafi YouTube tun ɗazu. Na samu wanda Neuhaus ya kaɗa na Chopin tare da ƙungiyar makaɗa, tsohon ɗauka ne, yana ta shuu kamar ana soya ƙosai. Akwai wani wuri a tsakiya, a hankali yake tafiya, na mayar da shi baya sau shida. Na kunna kibod ɗina na gwada layin farko. Maɓallan duk na same su, amma nawa yana fita kamar ƙararrawar mai sayar da askirim.

Baba Injiniya: Shi ne faifan da yake hannuna, konshato na 1 na Chopin, da Alexander Gauk yana jan ƙungiyar. Ka nemi na Scriabin ma, wanda ya yi da Golovanov. In akwai wanda ya san mai gyaran garmaho a Kaduna, ko wanda yake da allurarsa, ya yi mini magana ta gefe. An kira Magariba, sai anjima.

Sarkin Gardama: A dawo lafiya Baba. Ɗan Fiyano, turo mini wannan mai soya ƙosan in ji da kunnena, kuma ka faɗa mini minti na nawa ne wurin da ka ce.